Sharhi: Ɗan ci-ranin Gure da takardar zaman dindindin, daga Sabha zuwa Jidda da Kano

A farkon watan Janairun 2025 manyan motoci suka sauke 'yan Nijar 613 a garin Dirku da ke jihar Agadez, bayan da mahukuntan Libiya suka tattaro su suka tiso ƙeyarsu ta cikin Sahara a tsakiyar hunturu. Kafin watan ya ƙare, a ranar 29, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO, ta tabbata a hukumance. Kafafen yaɗa labarai sun kawo labaran biyu daban-daban. Amma ga magidancin da ke Gure ko Bune ko Kelle, wanda ɗansa ke aikin gini a Sabha, ƙanensa kuma ke da shago a Kano, tambaya ɗaya labaran suka tayar: mutumin da ya shafe shekaru yana aiki a ƙasar wasu, yaushe doka za ta daina kallonsa a matsayin mai wucewa?

Gure, cibiyar tsohuwar masarautar Muniyo, na kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Diffa, kimanin kilomita 160 da 'yan kai gabas da birnin Damagaram. Arzikin yankin na cikin kiwo da gero da kuma kwaruruka masu dausayi, inda ake samun dabino da kanwa da kayan lambu. Shekara da shekaru rairayi na cinye waɗannan kwaruruka, damina kuma ba ta da tabbas. Saboda haka tafiya bida bayan an kai amfanin gona gida tsohuwar al'ada ce a nan. Kudu ita ce hanya mafi sauƙi, domin iyakar jihar Yobe ta Najeriya na nan kusa, kuma tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930 garin ya zama ƙofar fita da dabbobi da kanwa zuwa Kano da Legas. Daga baya kuɗin man fetur suka buɗe hanyar Libiya da Aljeriya, aikin Hajji da Umara kuma ya buɗe ta Saudiyya.

Abin da ya sauya shi ne tsawon zaman. Wanda a da yake tafiya da rani ya dawo da saukar ruwan fari, yanzu yakan yi shekara uku ko biyar, wani ma ya yi aure ya haifi 'ya'ya a can. Daga nan maganar takarda ke zama maganar rayuwa.

A ƙasashen da ke da tsari, abin kamar tsani ne. Matakin farko bizar aiki ce, wadda aka ɗaure da sunan ubangida ɗaya da aiki ɗaya. Na biyu takardar zama ce da ake sabuntawa duk shekara ko bayan shekara biyu. Na uku shi ne zaman dindindin, kuma nan ne bambancin yake: takardar ta zama ta mutum ce shi kansa, ko an kore shi daga aiki ba a kore shi daga ƙasa, yana iya sauya sana'a, ya kawo iyalinsa, ya kai ƙarar wanda ya cinye masa albashi ba tare da tsoron a fara tambayarsa takardunsa ba. Sharaɗin hawa kusan ko'ina iri ɗaya ne, wato shekarun zama bisa ƙa'ida, ba tare da yankewa ba. Shekarun da mutum ya yi ba takarda, komai yawansu, galibi ba sa shiga lissafi.

A Arewacin Afirka, inda 'yan jihar Damagaram suka fi yawa bayan Najeriya, matakin farkon ne ma babu. Dokar Aljeriya ta 2008 kan shiga da zaman baƙi ta tanadi katin zama na shekara biyu, ta kuma ce wanda ya yi shekara bakwai a jere bisa ƙa'ida zai iya samun na shekara goma. Kyakkyawan tanadi ne a rubuce. Sai dai wata dokar ta 1981 kan ɗaukar baƙi aiki ta hana a ɗauki baƙon da iliminsa bai kai na ƙwararren ma'aikacin fasaha ba, kuma sai idan ba a samu ɗan ƙasa da zai iya aikin ba. Leburan da ke kwaɓa siminti a Tamanrasset ko Oran ba shi da ta inda zai shiga wannan layi, don haka shekara bakwai ɗin ba za su taɓa fara ƙirguwa ba. A tsakiyar 2017 gwamnatin Abdelmadjid Tebboune, lokacin yana firaminista, ta yi maganar bai wa 'yan Afirka baƙar fata izinin zama da na aiki a fannin gini da noma. An sauke shi a watan Agustan shekarar, maganar ta bi ruwa.

Abin da ya ci gaba shi ne kora. Bayan da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoban 2013, akasarinsu mata da yara daga Kance ta jihar Damagaram, ƙasashen biyu suka fara jigilar 'yan Nijar zuwa gida a Disamban 2014. Tun daga lokacin ayarin motoci bai daina isa Assamaka ba, waɗanda ba 'yan Nijar ba kuma ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro su taka kimanin kilomita 15 a ƙafa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 31,000 da aka koro a 2024 kaɗai.

Libiya ta fi ɗaure kai, domin tana buƙatar ma'aikatan ƙwarai. Alƙaluman hukumar ƙaura ta duniya, IOM, sun nuna akwai baƙi fiye da 800,000 a ƙasar a ƙarshen 2024, kuma 'yan Nijar ne suka daɗe a kan gaba wajen yawa kafin yaƙin Sudan ya turo 'yan Sudan. Su ne a gonakin Fezzan, su ne a wuraren gini, su ne masu kiwo. Amma doka mai lamba 19 ta 2010 ta mayar da shiga ko zama ba izini laifi da ke jawo ɗauri ko tara, sannan kora. A ƙarshen Nuwamban 2021 Yamai da Tarabulus suka sa hannu kan yarjejeniyar musayar ma'aikata, wadda ake fatan za ta buɗe hanyar samun bizar aiki tun daga gida. Ayarin Dirku na nuna iyakar abin da ta haifar. Kalmar da 'yan siyasar Libiya suka fi ƙyama ita ce tauɗin, wato zaunar da baƙi dindindin, kuma da wannan zargi ne hukumar tsaron cikin gida ta Tarabulus ta dakatar da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje guda goma a watan Afrilun 2025. A ƙasar da ake ɗaukar zaman baƙo a matsayin maƙarƙashiya, babu jami'in da zai fito ya yi maganar katin dindindin.

Maroko ce kaɗai a yankin ta gwada wata hanya, inda a 2014 da kuma daga ƙarshen 2016 ta buɗe rajista har sau biyu, dubban baƙi suka samu katin zama. Amma Maroko ba hanyar mutanen Gure ba ce.

Saudiyya kuwa matakin farko na nan, saman tsanin ne aka sare. Wanda ya shiga da bizar aiki yana samun igama, kuma igama na hannun kafili: shi ke sabunta ta, shi ke iya kai rahoton cewa ma'aikaci ya gudu, abin da ake kira hurub, wanda kan iya mayar da mai takarda marar takarda. Ko mutum ya sabunta igama sau talatin, ta talatin ɗin ba ta fi ta farko ƙarfi ba. Ɗan da aka haifa masa a Makka ko Jidda baƙo ne kamar ubansa. Daga watan Yulin 2017 kuma aka ɗora harajin riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar magidanci, ya riƙa hawa har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya biyar zai biya riyal 28,800 a shekara kafin ya sayi buhun shinkafa. Iyalai da dama a nan suka rabu, ko suka faɗa sahun waɗanda ake kira takari.

An yi gyara a watan Maris na 2021, wanda ya bai wa ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki bayan shekara guda da fita ƙasar ba sai da yardar kafili ba. Sai dai gyaran ya tsame 'yan aikin gida da direbobin gida da masu aikin gona da makiyaya, wato ayyukan da ɗan ƙauyen Sahel ya fi samu. Zaman dindindin na gaske da masarautar ta ƙirƙiro a 2019 ana sayensa ne, riyal 800,000 a biya ɗaya, sama da sefa miliyan 100, ko riyal 100,000 a kowace shekara. Rukunan da aka ƙara a Janairun 2024 na masu zuba jari ne da masu manyan gidaje da ƙwararru a kimiyya da lafiya da wasanni. Katar ma ta yi tata dokar a 2018, ta ce sai wanda ya yi shekara ashirin, kuma ba za a wuce mutum ɗari a shekara ba.

Abin lura, akwai Hausawa da Barebari da Fulani 'yan ƙasa a Saudiyya, masu sunayen Hausawi da Barnawi da Fallata. Usama Hausawi ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018. Kakanninsu sun isa Hijaz a ƙafa kafin a kafa masarautar ko a farkon kafa ta, aka rubuta su tare da kowa. Waɗanda suka zo bayan an rufe littafin su ne suka cika unguwanni irin su Karantina da Gulail a Jidda, waɗanda aka rushe daga ƙarshen 2021 zuwa 2022. Jini ɗaya, harshe ɗaya, ranar isowa ce ta raba su.

A Turai tsanin cikakke ne, ƙofar ce ƙarama. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta bai wa wanda ya yi shekara biyar bisa ƙa'ida, yake da abin dogaro da kai, damar neman zaman dogon lokaci. Italiya na da tsarin kason ma'aikata da ake kira Decreto Flussi, Nijar na cikin jerin ƙasashen da aka amince wa, an kuma ware gurbi 452,000 daga 2023 zuwa 2025. Takardar aikin gona ta kaka ba ta wuce wata tara, amma ana iya juya ta zuwa ta dogon aiki idan ubangida ya ba da kwantiragi. Matsalar ita ce ubangidan ne ke nema daga can Italiya, kuma dillalai sun mamaye harkar har ta kai firaminista Giorgia Meloni da kanta ta kai ƙara gaban mai gabatar da ƙara kan 'yan mafiya a watan Yunin 2024. Duk wanda ya zo Gure da takarda mai tambarin Italiya yana neman a sayar da shanu a ba shi, wannan ya isa a yi masa tambayoyi. Sifaniya ta rage wa'adin da marar takarda zai yi kafin ya nemi gyara zamansa daga shekara uku zuwa biyu tun Mayun 2025, a watan da Birtaniya ta ce tana so ta ɗaga wa'adin samun zaman dindindin daga shekara biyar zuwa goma.

Duk wannan ya bar wuri guda inda doka ta bai wa talakan Gure haƙƙin zama ba tare da digiri ko miliyoyi ba, wato Afirka ta Yamma. Yarjejeniyar da shugabannin ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta tsara matakai uku: shiga ba biza har kwana 90, sannan 'yancin zama, sannan 'yancin kafa sana'a. An amince da mataki na biyu a 1986, na uku a 1990. A Najeriya ɗan ƙasar ECOWAS na karɓar katin zama daga hukumar shige da fice a kan kuɗi kaɗan, alhali baƙon da ya fito daga wajen ƙungiyar sai kamfani ya nema masa gurbi, ya shigo da biza ta musamman, sannan ya sayi katin CERPAC na dubban daloli a shekara.

Gaskiya ne cewa kaɗan ne daga cikin 'yan Nijar da ke Kano ko Legas ko Fatakwal suka taɓa karɓar wannan kati. Mai gadi da mai shayi da mai ga-ruwa da dillalin shanu a kasuwar Maigatari ba su ga dalili ba, tunda harshe da addini da kamanni sun wadatar. Gaskiya ne kuma cewa ƙasashen ba su cika alƙawarin duka ba. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, ta kuma nemi baƙon ɗan kasuwa ya zo da jarin dala miliyan ɗaya. Duk da haka yarjejeniyar na nan a matsayin katanga. Wanda aka kama ba kati mai sakaci ne da ke da haƙƙin ya gyara, ba a ɗaukarsa kamar wanda ya tsallako ba izini.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan babu katangar. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, Hausawan zango da aka haifa a Kumasi da Accra suka tsinci kansu a kan hanyar ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan, mutum kusan miliyan biyu suka fice daga Najeriya. An fi tuna 'yan Gana, har jakar da suka zuba kaya ta samu suna, amma akwai 'yan Nijar masu yawa a ciki. A lokacin yarjejeniyar 1979 na aiki, sai dai matakin kwana 90 kawai, kuma da shi gwamnati ta kafa hujja. Gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta sake kora a 1985. Duka lokutan tattalin arziki ne ya karye, aka waiwayi baƙo.

Yau wannan katanga na tsaye ne a kan sanarwa. A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, su kuma bar su da 'yancin shiga da zama da kafa sana'a, har zuwa lokacin da za a sake sanarwa. Ƙawancen AES ya riga ya yi irin wannan alƙawari ga 'yan ECOWAS a watan Disamban 2024, tare da riƙe ikon hana wanda bai yarda da shi ba. Niyya ce mai kyau daga ɓangarorin biyu. Amma abin da a da yake haƙƙi a cikin yarjejeniya, wanda ake iya kai ƙara a kansa gaban kotun ECOWAS da ke Abuja, ya koma alfarma da taron shugabanni guda zai iya janyewa. Mutanen kan iyaka sun san yadda siyasa ke juyawa: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Zama ɗan ƙasa ma ba mafita ce mai sauƙi ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya nemi shekara 15 na zama kafin baƙo ya nemi a mayar da shi ɗan ƙasa. Matar da ta auri ɗan Najeriya na iya yin rajista, amma mijin da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan dama. Ke nan mutumin Gure da ya auri 'yar Nguru, 'ya'yan da suka haifa a can 'yan Najeriya ne ta wajen uwa, shi kuwa baƙo ne a gidansa. Nijar ta halatta riƙe ƙasa biyu tun 2014, don haka yaran ba sa rasa komai a gida idan an yi musu takardu. Hanyar da wasu ke bi ta sayen takardar shaidar asalin wata ƙaramar hukuma da katin zaɓe tana aiki ne har ranar da aka yi gaba da wani. Idan a 1980 aka iya ɗauke Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka kai shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo da shi, to mai gadi da takardar aro ba shi da abin kariya.

An fara tattaunawa tsakanin ECOWAS da AES a Bamako a watan Mayun 2025. Kafin nan, a watan Afrilu, ministocin harkokin wajen Najeriya da Nijar, Yusuf Tuggar da Bakary Yaou Sangaré, sun gana a Yamai suka yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, wadda aka kafa tun 1971. Harajin kaya da makomar ma'aikatan ƙungiya da ayyukan raya ƙasa za su ci lokaci a irin waɗannan zama, domin suna da masu magana da yawunsu. Wanda ba shi da wakili a teburin shi ne mutumin da ya riga ya yi shekara ashirin a Sabon Gari ko Agege. Abin da ya fi dacewa Yamai ta nema a rubuce shi ne a amince da zaman waɗanda suka riga suka zauna, a ba su wa'adin yin rajista a kan kuɗin da talaka zai iya, a kuma lissafa musu shekarun baya. Tana da abin bayarwa a madadin haka, domin fataken Yobe da Jigawa da ke cika kasuwar dabbobi ta Gidigir, da dubban 'yan Borno da rikicin Boko Haram ya zaunar a Diffa, su ma suna buƙatar irin wannan tabbaci, musamman tun da Nijar ta tsaurara tata dokar shiga da zaman baƙi a Janairun 2025.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran Abuja ko Bamako. Duk wata rajista da za a buɗe, a Kano ne ko a Tarabulus, za ta fara da tambayar shaidar cewa mutum ɗan Nijar ne. Fasfo da katin ɗan ƙasa na buƙatar takardar haihuwa, kuma a rugage da ƙauyukan da ke nesa da hanya a gundumar Gure akwai manya da yawa da ba a taɓa rubuta haihuwarsu ba. Irin waɗannan sai sun bi ta kotu a ba su hukuncin da ke maye gurbin takardar, abin da zaman alƙalai na tafi-da-gidanka ke sauƙaƙawa idan an shirya shi. Lokacin da ya dace a kai wannan zama Bune da Kelle da Gidigir shi ne tsakanin saukar damina da girbi, sa'adda 'yan bida ke gida, kafin motocin kaka su sake kwashe su.